Kwalba Ta Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Kowa ya tafi, saura ni da gurnanin firiza. Na sayi wannan littafin ne don na ofis kowa na iya buɗewa, abin da zan rubuta kuwa ba na kowa ba ne.

Shekara uku muna gina na'urar nan. Bari in rubuta ta yadda nake bayyana wa mutanen gida, in ji ko har yanzu na yarda da ita. Ɗan faifan zinariya ne, bai fi farcen ɗan yatsa ba, shi ya sa muke ce masa farce. A kansa muke dasa ƙugiyoyi na zaren DNA, su kamo wani furotin da wani mugun ciwo ke zubarwa cikin jini tun mutum bai fara jin komai ba. In ƙugiya ta kama, layi ya tashi a kwamfuta. In babu, layi ya kwanta. A da ƙugiyoyin kwanciya suke yi su cukurkuɗe, ba sa kama komai sai ciwo ya riga ya cika jini. Aikina shi ne na ninke wani zaren DNA ya zama murhu mai ƙafa uku, kowace ƙugiya ta tsaya a kan nata murhun, a miƙe, nesa da 'yar'uwarta. Tun daga nan na'urar ke jin abin da gwajin asibiti ba ya ji sai ya ninku sau ɗari.

Makon jiya mun gwada jinin marasa lafiya goma, duka layi ya tashi, har Farfesa ya saya mana lemo. Yau muka gwada na masu lafiya goma, waɗanda ya kamata su kwanta. Tara sun kwanta. Ta bakwai ta tashi.

Abokin aikina, wanda muke kira Tantama don ko gaisuwa ka yi masa sai ya so a maimaita sau uku, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Datti ne. Gobe ki sake da sabon farce."

Na ce masa ai na sani.

Kwalaben ba suna a jikinsu, lamba ce kawai. Takardar da ke nuna wa ke da wace lamba tana cikin durowata, makullin yana jakata, ni na rubuta ta wata huɗu da suka wuce. Ban buɗe ba. Ba na buƙatar buɗewa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 9:10 na safe

Sabon farce. Ta tashi.

Talata, ƙarfe 6:40 na yamma

Na biya ta shagon Yaya. Yana nan yadda yake tun ina 'yar makaranta: tef a wuya, alli a bayan kunne, ƙafa a kan keken ɗinki, rediyo na ta surutu ba mai saurare. Shi ya riƙe ni tun da ciwon nan ya tafi da Baba, ina shekara goma sha ɗaya, shi yana ashirin da biyu. Da wannan keken ya kai ni inda nake.

"A'a, Auta mai yi wa aljanu ɗinki! Yau an tashi da wuri?"

Haka yake ce min, wai ina ɗinka abin da ido ba ya gani. Amma duk gidanmu shi kaɗai ya gane aikina. Ranar da na yi masa bayani ya ce, "Wato dogon zare ɗaya ne, sai gajejjeru su kama shi nan da can har ya tsaya da siffa. Ai ɗaurin tsaye ne, kafin a bi da keke." Farfesa kansa bai taɓa faɗa da kyau haka ba.

Na zauna a bencin masu jiran kaya ina kallonsa. Lafiyarsa ƙalau. Ya yi wa wani mai gaggawa tsiya, ya sha shayi, ya zare zare da haƙori.

Sai ya ce, "Ni kam ina jinina da kika kwasa? Ko kin sayar?"

Wata huɗu da suka wuce mun rasa masu lafiya da suka haura arba'in. Duk ɗalibai ne a kusa da mu, jini sabo fil. Abin da 'yan ɗakin gwaji ke yi in sun rasa shi na yi, na jawo na gida. Ya zo da rigarsa mai kyau, ƙaton mutum yana rufe ido saboda allura, ya sa hannu a fom ko karantawa bai yi ba. A fom ɗin an rubuta cewa ba za a sanar da kowa sakamakonsa ba.

Na ce masa yana firiza, yana gaishe shi. Ya yi dariya, ni ma na yi.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Taro a ofishin Farfesa. Ya cire tabarau ya murza ido, abin da yake yi ke nan in ransa ya ɓaci kuma ba ya so a gani. Ya ce na'urar da za ta ce wa mutum ɗaya cikin goma yana da wannan ciwon alhali lafiyarsa lau ba na'ura ba ce, masifa ce. Kwamitin da zai yanke ko aikin zai ci gaba yana zuwa tsakiyar watan gobe. Ko dai faratan ne ke da datti, ko murhun nawa ne ke kamo abin da ba a aike shi ba.

Tantama ya ce, "Akwai ta uku, Farfesa. Ko kuma mai lamba bakwai ba shi da lafiya."

Ban san lokacin da na ce, "Kai kullum sai ka nemo wa mutane abin da ba su nema ba!" Duk suka juyo suna kallona.

Farfesa ya ce mu ba likitoci ba ne, na'urar ba a tabbatar da ita ba, ba za mu tayar wa bawan Allah hankali a kan layin kwamfuta ba. Doka ce, kuma doka mai kyau. Ya ce, "Dakta, ki nemo min laifin."

Na ce to. Ban taɓa karɓar aiki da hannu biyu kamar wannan ba.

Asabar, 8 ga wata, bayan azahar

Na idar da salla na tsinci kaina ina roƙon Allah ya sa aikina na shekara uku shirme ne.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

Na zubar da tsohon murhu duka, na haɗa sabo daga tushe. Sabon zare, sabon ruwan gishiri, sabuwar safar hannu a kowane mataki. Na ɗora a na'urar zafi ya kai gab da tafasa, na bar shi ya huce a hankali, don a cikin hucewar ne zaren ke nemo 'yan'uwansa ya ninke. A da wannan jiran shi ne abin da na fi so a aikin. Kana zaune, a cikin ɗigon ruwa ana ta ɗinki ba ka gani.

Na duba, murhun ya fito tsaf. Ban taɓa yin mai kyansa ba, kuma haushi ya ba ni.

Tara sun kwanta. Ta bakwai ta tashi, daidai inda ta tsaya ranar farko, kamar da awo.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

Da safe na ƙara wankin farce. Maimakon sau uku na wanke sau takwas, na ƙara gishiri. Layin bakwai ya sauko, ya sauko, ya kusa kwanciya. Wallahi daɗi ya kama ni. Na kira Tantama ya zo ya gani.

Ya duba. Ya je firiza ya ɗauko jinin marasa lafiya guda uku, ya gwada su da irin wankin nawa. Su ma suka kwanta.

Ya ce, "Dakta, ba gyara kika yi ba, kunne kika toshe mata. Haka ko gawa aka kawo za ta ce lafiya lau."

Na ce ya iya bakinsa. Ya ba ni haƙuri, bai san me ya taka ba. Abin haushin shi ne na san haka tun kafin in kira shi. Ɗalibar shekarar farko ma ta sani.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Na kai Yaya asibiti. Na ce masa wurin aikinmu ne suka ce duk wanda ya ba da jini a duba lafiyarsa, ladabi ne. Ƙarya ce, kuma ta fito min sumul har na tsorata da kaina. Ya yi ta mita a hanya, wai yana da kayan mutane shida a yanke.

Likitan dattijo ne mai magana a hankali. Na faɗa masa abin da ya tafi da Baba, ban faɗa masa maganar farce ba. Ya rubuta gwajin jini irin na kullum. Ya ce akwai kuma hoton ciki, amma layi ne mai tsawo, mu ga jinin tukuna.

Yaya ya sake rufe ido saboda allura. Nas ta yi masa dariya, ya ce mata shi allura abokiyar sana'arsa ce, amma ta gindi yake riƙe ta.

Lahadi, 16 ga wata, da hantsi

Ban iya karatu ba, ban iya wanki ba. Na share ɗaki sau biyu.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 2:05 na rana

Babu komai! Gwajin ya fito fes. Likita ya juyo min da takardar na gani da idona, duk lambobin suna inda ya kamata.

Ya ce, "Hoton fa? In kina so in sa shi a layi, saboda tarihin mahaifinku."

Na ce a bar shi, likita, kada mu wahalar da shi.

Daga asibiti na zarce shago, na ce, "Yaya, lafiyarka ta fi tawa. Sai ka binne mu duka." Ya ce ai ya faɗa min, ni ce da neman magana. Na zauna na taya shi saka maɓallai har la'asar, na soke yatsa sau biyu, ya ce wannan hannun gara da aka ba shi aikin aljanu.

Na'urata shirme ce. Alhamdu lillahi, na'urata shirme ce. Shekara uku sun tafi, su tafi, ba na nema.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 12:40 na rana

Farfesa yana yawo kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya fara maganar ko mu koma tsohuwar hanya, mu bar murhu. Na ce duk yadda ya gani. Na kawo wa kowa biskit.

Tantama ya ɗauki ɗaya, ya kalle shi, ya kalle ni. Ya ce bai taɓa ganin wanda aikinsa ke nutsewa yana rabon biskit ba. Na ce to yau ya gani.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Na yini a gidan Yaya. Da aka kawo abinci ya yi loma huɗu ya ture, wai ya sha shayi da yawa. Ya zauna a tabarma ya jingina da bango, hannu ɗaya a bayansa.

A kicin Anti, matarsa, tana wanke kwanuka ina ɗauraya, ta ce, "Yayanki fa sau biyu ke nan yana rage ƙugun wandonsa. Da kansa yake yi a shago, yana tsammani ban lura ba. Ni da nake wanke su."

Na ce zafi ne, kowa ya rame. Na ce ai an duba shi, ga takarda.

Ta ce, "Haka ne. Tunda ke kika faɗa, hankalina ya kwanta."

Kofi ya suɓuce min, bai fashe ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Kujera ce. Duk telan da ya shekara talatin a kan keke yana ciwon baya.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Kujera ce.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 4:15 na yamma

Farfesa ya ce in fara haɗa abin da za mu nuna wa kwamiti, ko da labarin faɗuwa ne a tsara shi. Na buɗo tsohon jawabina, wanda na yi a taro ya fi sau goma. Shafin farko, manyan baƙaƙe, rubutuna: gwajin jinin da ake yi a asibiti ba ya ganin wannan ciwon sai lokaci ya ƙure.

Ni na rubuta. Shekara uku ina tsayawa gaban mutane ina faɗa, wani lokaci har muryata na rawa don Baba nake tunawa. Saboda wannan jimlar aka gina ɗakin nan, saboda ita na ninke murhu. Sannan aka miƙo min takardar gwajin nan ɗin, na rungume ta na fita ina murna.

Na kashe kwamfutar. Na je banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 10:50 na safe

Tantama ya yi abin da ya kamata in yi tun ran huɗu ga wata. Ya haɗa farce da murhuna, amma ya ɗora masa ƙugiyar banza, wadda aka hargitsa zarenta ba ta iya kama furotin ɗin. In datti ne ko laifin murhu, layi zai tashi duk da haka. Ya ɗiga ta bakwai. Layi ya kwanta shame-shame. Ya mayar da ƙugiyar gaske, ya tashi. Sau uku ya yi, kamar yadda ya saba.

Ya jira sauran suka fita, ya jawo kujera kusa da ni.

"Dakta, murhunki ba shi da laifi. Abin da aka aike shi yake kamawa."

Na kalli durowata.

"Ban tambaye ki ko waye ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma da nawa ne, yau zan kai shi hoto."

Mutumin nan shekara uku yana ba ni haushi. Yau ya miƙo min hankicinsa, ya juya baya yana goge teburin da ba shi da datti.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Yaya ya ƙi.

"Wane hoto kuma? Ba ke kika ce lafiyata ta fi taki ba? Auta, ina da kayan mutane. Ki bar ni in gama wannan makon."

Na ce likita ne ya ce a cika ƙa'ida. Ya ce likitan ya zo ya cika masa hannun rigar nan tukuna. Na ɗaga murya, ya ɗaga gira, irin kallon da yake min tun ina ƙarama in na wuce wuri.

Gaskiyar tana bakina. Da na ce, Yaya, na'urata ta ga wani abu a jininka, da ya ajiye almakashi ya bi ni, don ya yarda da ɗinkina fiye da yadda na yarda da shi. Amma sai ya tambaye ni tun yaushe. Wannan tambayar ce ta rufe min baki.

Na lura ya matso da kujerarsa, ya sa matashi a baya.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Na sa sunansa a layin hoto ba da saninsa ba. Sun ba mu ran goma sha tara ga watan gobe. Da na amsa wa likita ran sha takwas, da jibi ne.

Alhamis, 3 ga sabon wata, ƙarfe 8:20 na safe

Anti ta kira ina shirin fita. Ta ce in zo in duba idon Yaya, ita ba ta gane ba, ko hasken ɗakin ne.

Na ja shi bakin ƙofa, na ce ya kalli sama. Ba hasken ɗaki ba ne. Ina shekara goma sha ɗaya na fara ganin wannan launin rawaya a farin idon Baba, kuma ban sake son rigar da ke da shi ba.

Shi ma ya sani. Shi ya yi jinyar Baba. Ya shiga ciki ya sako rigarsa mai kyau, ya ce wa Anti ta aika wa masu kaya su yi haƙuri.

Yanzu ba maganar layi. Masu irin wannan idon ba sa jira.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

An yi hoton. An ba shi gado na huɗu daga ƙofa, kusa da taga.

Litinin, 7 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Likita ya kira ni ofishinsa ni kaɗai. Ya juyo min da hoton, ya nuna da bayan biro, nan, da nan, da kuma nan. Ba zan rubuta abin da ya ce ba. Na san kalmomin, na sha rubuta su a kan mutanen da lamba ce kawai a wurina.

Na tambaye shi, da an yi hoton makonni uku da suka wuce fa? Da makonni biyar?

Ya daɗe yana jujjuya biron. Ya ce, "Ba zan iya ce miki da an samu hanya ba. Ba zan kuma iya ce miki da ba a samu ba. Wannan abin yana da sauri."

Na so ya zaɓi ɗaya. Ko wacce ce zan iya ɗauka, amma ya bar ni da duka biyun.

Talata, 8 ga wata, da safe

Ban je aiki ba. Ban je asibiti ba. Na zauna.

Laraba, 9 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Na buɗe durowa, na kai wa Farfesa takardar, na faɗa masa komai a tsaye. Ya cire tabarau. Ya yi min jaje, kuma na gaske ne, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in ɗauki hutu iya yadda nake so.

Sannan na ga abin ya iso masa. Bai faɗa ba, amma na gani a fuskarsa. An ɗebi jinin nan wata biyar da suka wuce, mutum yana kan ƙafarsa. Gwajin asibiti ya ce babu komai wata huɗu bayan haka. Murhu ya gani. Ba kuskure ɗaya cikin goma muke da shi ba, ba mu da kuskure ko ɗaya, kuma muna da abin da duk mai irin aikinmu ke mafarkin samu.

Ya sunkuyar da kai don kunyar tunaninsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma na yi wannan tunanin a harabar asibiti, kuma na tsani kaina.

A hankali ya ce ba za a yi amfani da komai ba sai mai jinin ya sani kuma ya yarda. Ya ce ba dole. Ya ce ba yanzu ba. Kwamiti saura kwana shida, wannan bai faɗa ba.

Juma'a, 11 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Na jira Anti ta tafi gida ɗauko kaya. Yaya yana kishingiɗe yana duba ɗinkin zanen gadon, wai wanda ya yi shi ko bakin layi bai iya ba.

Na faɗa masa. Farce, kwalba ta bakwai, layin da ya ƙi kwanciya, ƙaryar da na yi na kai shi asibiti, hoton da na ce a bari. Ban rage komai ba. Ina magana ina kallon hannunsa, ya yi siriri, tabon almakashi ya fito sosai a babban yatsa.

Ya ce, "Tsaya. Wato abin naki ya gani tun kafin likita?"

Na ce e.

"Tun ina cin abincina, ina taka kekena?"

Na ce e.

Sai fuskarsa ta buɗe, wallahi ta buɗe, irin ta ranar da na kawo takardar gama makaranta. Ya ce, "Kai! Ɗinkin ya zauna ke nan. Auta, ɗinkin ya zauna!" Har na gado na uku ya juyo.

Na ce, "Yaya, ba ka ji ni ba. Tun uku ga watan jiya na gani."

Na ga yana ƙirga kwanakin, leɓensa na motsi kamar in yana awo. Ya kalli taga ya daɗe. Ban san abin da ya wuce ta ransa ba, kuma ba zan taɓa sani ba, don da ya juyo ya riga ya gyara fuskarsa.

Ya ce, "Wannan kada ki faɗa wa Antinki. Ke za ta riƙe bayan raina, ba na so ta riƙe ki da wani abu a rai."

Na kifa kai a gefen gadon. Ya bar ni na yi mai isata, hannunsa a kan ɗankwalina.

Da na ɗago ya ce in ba shi sabon fom ɗin neman yardarsa da na zo da shi. Wannan karon ya karanta, layi-layi, da yatsa, har ya tambaye ni ma'anar kalma biyu. Ya sa hannu. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo min damtse.

"Kira nas ta ɗibar miki. Ki ɗiba da yawa tun ina nan, kada ki zo kina nema."

Bai rufe ido ba da allurar ta shiga.

Lahadi, 13 ga wata, da la'asar

Na je na rufe masa shago da kyau. Akwai riga a ƙarƙashin allurar keken, hannu ɗaya an gama, ɗaya da ɗaurin tsaye. Ban cire ta ba. Na kashe rediyon da ya manta a kunne.

Litinin, 14 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Gobe kwamiti. Farfesa ya sa an goge tagogi. Tantama ya ce shi zai yi jawabin in ba zan iya ba, na ce zan iya.

Na sa safar hannu na buɗe firiza. Akwati biyu ne a shiryayye na sama, fari na masu lafiya, ja na ɗaya ɓangaren. Na ciro ta bakwai daga farin, sanyinta ya ratsa safar. Na riƙe ta fiye da yadda doka ta yarda, sannan na sa ta a jan, kusa da sababbin ukun da nas ta ɗiba ran Juma'a.

Na gyara jadawalin. Masu lafiya tara, duka a kwance. Marasa lafiya goma sha ɗaya, duka a tsaye. Ba kuskure ko ɗaya.

Farfesa ya leƙo, ya daɗe yana kallon allon, ya ce bai taɓa ganin sakamako mai tsabta haka ba. Na ce ni ma.